Jini Ɗaya, Lambobi Uku: Karanta Gwajin Suga a Amriguébé

Shirinmu na musamman yau daga unguwar Amriguébé yake zuwa muku, a gunduma ta biyar ta birnin Njamena, kuma zance ne kan ciwon suga da lambobin da ke fitowa idan an gwada jini.

Mu fara da abin da ya fi rikita mutanenmu. Idan ka yi gwaji a Babban Asibitin Ƙasa ko wani ɗakin gwaji na unguwa, da Faransanci takardar za ta fito, lissafinta kuma giram ne a kowace lita, sai ka ga an rubuta 1,26. Ɗan'uwanka ya aiko maka na'urar gwajin suga daga Kano, ta biyo Maiduguri da Kusuri ta haye gadar Ngeli, ka gwada ta nuna 126. Ta maƙwabcinka kuma ta ce 7.0. Duka ukun abu ɗaya suke faɗi, ma'auni ne ya bambanta. Mai 126 miligiram take ƙirgawa, ka raba da ɗari ka samu lissafin takardar asibiti. Mai 7.0 milimol ce, ka ninka sau 18 ka samu 126.

Kada a ɗauki wannan wasan lissafi. Dattijon da ya saba jin ana cewa ɗari da wani abu, in na'urar milimol ta nuna masa 15, zai iya zaton suga ya faɗi ƙasa warwas, ya ce a haɗo masa shayi mai kauri. Alhali 15 ɗin nan 270 ce, wato giram 2,70, suga ya riga ya hau. Saboda haka ranar da na'ura ta shigo gida, a duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar, a kai ta wurin likita ko mai kantin magani ya tabbatar da ma'auninta.

To, mece ce ma'anar lambobin? Gwajin safe, bayan awa takwas ba a ci komai ba, ko kurɓin shayi, a wurin mai lafiya yana tsakanin 0,70 da 1,10. Idan ya kai 1,26 ko ya wuce, aka sake wata rana ya maimaita, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon suga ne. Abin da ke tsakani gargaɗi ne. Wanda yake kan magani kuwa, yawanci ana so awa biyu bayan cin abinci kada ya haura 1,80. Kenan lamba ba ta da amfani sai an san lokacin da aka ɗauke ta. A sami ɗan littafi, a rubuta rana, da lokaci, da abin da aka ci. A ganina likita ya fi ƙaruwa da wannan littafi fiye da dogon bayanin baki.

Akwai kuma gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku. Kashi 6,5 cikin ɗari alamar ciwon ce, masu jinya da yawa kuma ƙasa da 7 ake nema musu. Sai dai ƙarancin jini da sikila suna iya karkatar da shi, don haka mai ɗayansu ya faɗa wa likita.

Yanzu mu zo kan yatsa. A wanke hannu da sabulu, a bari ya bushe. Wanda ya gama ɓare mangwaro ko cin dabino, zaƙin da ya rage a fatarsa kaɗai ya isa ya ɗaga lambar. A soki gefen yatsa, ya fi tsakiya sauƙin zafi, kuma allurar mutum ɗaya ce, ba a karɓa-karɓa. Tsinkayen gwajin ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu sama da 40 muke kwasa. Kada a bar kwalbarsu a aljihun babur ko kan taga, a rufe ta da zarar an zaro ɗaya, a duba ranar lalacewa. Ko na'ura mai kyau tana iya kaucewa da kashi 15 cikin ɗari, don haka ɗan bambanci tsakanin gwaji biyu ba abin tayar da hankali ba ne.

Abin gudu da gaggawa shi ne faɗuwar suga ƙasa da 0,70, musamman ga masu allurar insulin ko masu shan glibenclamide. Gumi mai sanyi, rawar jiki, yunwa, jiri. Iyaye mata, ku lura da wannan, domin ku ne kusa da mara lafiya: a jiƙa suga cokali ɗaya na cin abinci a ruwa a ba shi, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a nufi asibiti. Haka in na'ura ta rubuta HI, ko suga ya wuce giram 3 ga amai da ƙishirwa mai tsanani, a ɗauki mara lafiya da littafinsa da na'urarsa a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.