Masu Aikin Sa-kai da Ke Riƙe da Ƙungiyoyin Kiwon Zuma a Ingila

Daga watan Mayu zuwa Yuli akwai wasu mutane a garuruwan Ingila da wayarsu ba ta hutawa. Mai kiran yakan kasance a firgice: gungun ƙudan zuma ya sauka a reshen bishiyar bayan gidansa, ko a shingen makaranta, yara kuma sun kusa tashi. Wanda ake kiran ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Galibi malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ko nas, ko injiniya, ɗan ƙungiyar masu kiwon zuma ta garin da ya yarda a sa lambarsa cikin jerin masu kwashe irin wannan gungu. Ba shi da albashi. In an kyauta masa, a ba shi kuɗin mai.

Aikin na buƙatar haƙuri fiye da ƙarfin hali. Zai shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ya tara kwali ko kwandon ciyawa, mai kama da amyar da ake ratayawa a bishiyoyin karkararmu, ya girgiza reshen da ƙarfi sau ɗaya, gungun ya faɗa ciki tim. Sai ya kifa kwandon a kan ƙyallen, ya tokare gefe guda da ɗan dutse, ya koma gefe ya zuba ido. Idan sarauniya na ciki, nan da nan za a ga wasu ƙudajen sun jeru a bakin kwandon, sun ɗaga bayansu sama suna kaɗa fikafikai, suna watsa ƙanshin da ke kiran 'yan'uwansu. In ba ta ciki, duk za su fice su koma reshen, a sake sabon lale. Ba a ɗauke kwandon sai magariba, bayan waɗanda suka fita leƙen sabon mazauni sun dawo. Kuma sau da yawa mutum zai bar abincinsa ya yi tafiya, ya tarar ba zuma ba ce sam, rina ce.

Waɗannan mutane su ne ƙashin bayan Ƙungiyar Masu Kiwon Zuma ta Birtaniya, BBKA, wadda aka kafa a 1874, take da hedikwata a Stoneleigh ta gundumar Warwickshire. Membobinta sun haura 20,000, kuma mafi yawansu 'yan amyoyi kaɗan suke da su a bayan gida, don sha'awa. Amma uwar ƙungiya nesa take da mai kiwo. Wadda ya sani ita ce ƙaramar ƙungiyar garinsu, mai taruwa sau ɗaya a wata a zauren unguwa ko na coci, a saurari lacca, a sha shayi, a yi musu. Su da kansu suna yi wa juna ba'a cewa in ka yi wa masu kiwo biyu tambaya ɗaya, amsa uku za ka samu.

Babban abin da ƙaramar ƙungiya ke yi shi ne koyarwa. A lokacin sanyi, sa'ad da ƙudaje ke dunƙule cikin amya, ake buɗe ajin sababbin shiga. Da rana ta fara ɗumi sai a kai su wurin kiwon ƙungiya, a sa musu riga mai raga a fuska, a miƙa musu firam. Amyar zamani akwati ce mai firam-firam da ake zarowa ɗaya bayan ɗaya, dabarar da wani limamin coci Ba'amurke, Lorenzo Langstroth, ya daidaita a 1851, bayan ya lura cewa idan aka bar tazarar milimita 6 zuwa 9 ƙudaje ba sa gina saƙa a wurin kuma ba sa liƙe shi. Wannan ne ya sa ake iya duba gida ba tare da an rusa shi ba. Sai dai duba da gani daban suke. Sabon shiga zai ɗaga firam, ƙudaje na tafasa a kai, hannunsa na rawa, ba ya ganin komai. Tsohon hannun da ke kusa da shi zai ce ya juya wa rana baya, ya leƙa ƙasan ramukan saƙa. Can zai hango ƙwai, fari siriri, tsaye. Ganin ƙwai na nufin sarauniya ta yi aiki cikin kwana uku da suka wuce, don haka ba sai an wahala nemanta ba. Ana iya karanta wannan a littafi, amma ido ba ya koyonsa sai da wani a gefe.

A nan ne kuma ake koya wa mutum lissafin da ke hana zuma ɓallewa. Sarauniya na fitowa kwana 16 bayan an saka ƙwanta, ma'aikaciya kwana 21. Ana rufe ɗakin sabuwar sarauniya wajen kwana na takwas, kuma a daidai nan tsohuwar kan fice da kusan rabin jama'a. Shi ya sa ake duba amya duk mako a wannan lokaci. Wanda ya yi sakaci, zumarsa ce za ta sauka a shingen makaranta.

Mutane sun fi girmama gwanin da ke buɗe amya ba safar hannu. Ni kuwa a ganina ƙungiya ta fi dogara da waɗanda ba a tafa musu: sakataren da ke amsa wasiƙu, da ma'ajin da ke bin membobi su biya kuɗin shekara, domin daga ciki ake biyan inshorar da ke kare mai kiwo idan zumarsa ta harbi maƙwabci. Ga mai kula da na'urar tace zuma da ake ba membobi aro, wanda yakan karɓe ta a danƙare da kaki ya wanke da kansa. Ga mai yanke ciyawar wurin kiwo. Zuma da zaƙi da harbi, in ji Hausawa; su waɗannan rabonsu ya fi yawa a harbin.

Nauyin ya ƙaru sosai daga 1992, shekarar da aka gano varroa a Devon. Wata 'yar ƙaramar halitta ce ja mai kama da kaska, asalinta a jikin ƙudan zuman Asiya, tana hayayyafa cikin ɗakunan tsutsa tana yaɗa cutar da ke nakasa fikafikai. Kafin zuwanta mutum na iya ajiye amya ya manta da ita sai lokacin ɗiba. Yanzu dole a ƙirga, a sa magani bayan an ɗebi zuma a ƙarshen rani, a sake wani a tsakiyar sanyi lokacin da tsutsa ta yi ƙaranci. Akwai kuma cututtuka biyu masu ruɓar da tsutsa waɗanda doka ta wajabta a sanar da hukuma. Mafi munin, idan sufeto ya tabbatar da shi, kashe ƙudajen ake yi a ƙone firam ɗin a rami. Sufetocin gwamnati 'yan kaɗan ne, amyoyi kuwa dubbai. Ƙudan zuma na iya tafiyar kilomita da dama neman abinci, ba ruwansa da katanga, don haka amyar mutum ɗaya da aka yi watsi da ita na iya shafa wa unguwa guda. Wanda ke shawo kan irin wannan mutum ya yi rajista da hukuma, ya bari a duba, yawanci shugaban ƙungiya ne, da lallami, tunda ba shi da ikon tilasta kowa.

Akwai wata magana da ba kowane shugaba ke son faɗa ba. Mutane da yawa sun shiga kiwon ne da niyyar ceton ƙudan zuma, har birnin Landan ya cika da amyoyi a saman gine-gine. Alhali Birtaniya na da nau'in irin waɗannan ƙudaje kusan 270, ɗaya ne kawai daga ciki ake kiwo don zuma, kuma waɗanda ke cikin haɗari na daji ne da ba su da mai ba su sukari ko magani. Ƙara amya inda fure bai isa ba cin rabon waɗannan ne. Shugaban kirki shi ne mai iya ce wa mai zumuɗi ya fara shuka furanni, ya zo ya yi shekara yana taimako a wurin kiwon ƙungiya, sannan a yi maganar amya, ko da hakan zai rage wa ƙungiya kuɗin shiga.

Raunin tsarin a fili yake ranar babban taron shekara. Da an zo zaɓe sai kowa ya sunkuyar da kai, wanda ya riƙe muƙami shekaru ya sake ɗauka don kada abin ya rushe. Wani lokaci ma laifin na tsofaffin ne: sun saba, ba sa sakin komai, matashi ya kawo shawara a ce ba haka aka saba ba, ya yi zuciya ya tafi. Ƙayyade wa'adi da raba aiki ƙanana-ƙanana sun fi yabon da ake yi musu a jawabi amfani.

Ga shi kuma sabon aiki ya iso kafin a samu sababbin hannuwa. Wani zirnaƙo ɗan Asiya mai rawayan ƙafafu, wanda aka fara gani a Faransa a 2004, ya bayyana a Tetbury ta Gloucestershire a 2016. Yakan yi shawagi a bakin amya yana cafke masu dawowa daga kiwo, har sauran su ji tsoron fita. Ƙungiyoyin sun kafa rundunonin sa-kai da ke ɗana tarko, suna tantance hotunan da jama'a ke turowa, suna lura da inda zirnaƙon ya nufa don a taimaka wa sufetoci gano sheƙarsa. A 2023 kaɗai an lalata sheƙa sama da 70, yawancinsu a gundumar Kent, adadin da ya zarce na duk shekarun baya a haɗe.