Haƙƙin Mai Keke A Kan Titi



Duk wanda ya tsaya da hantsi tsakanin Ƙofar Doka da gadar Kubanni a Zariya, ya ga ɗalibai da malaman makaranta da 'yan tireda suna kutsawa da kekunansu a tsakanin tirela da acaɓa da Keke Napep, ba ya buƙatar wani malami ya faɗa masa cewa waɗanda suka zana titunanmu sun yi lissafin mota, sun manta da talaka mai taka feda. Alhali kuwa a zamanin iyayenmu keken Raleigh shi ne abin hawan akawu da malamin asibiti da ɗan kasuwa, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, magidanta da yawa sun kakkaɓe ƙurar tsofaffin kekunansu, sun kai su wurin mai faci.

Maganar ba sabuwa ba ce ga hukuma. A shekarar 2001 Ministan Sufuri, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, har ya hau da kansa a Abuja, sai wata bas ta ture shi ya faɗa kwata, wanda hakan hujja ce bayyananniya cewa nasiha ba ta wadatarwa matuƙar hanyar ba ta da aminci. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ma ta daɗe tana wannan kira, kuma a 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga Yuni ta zama ranar keke.

Abin da ya rage shi ne a sabunta kundin ƙa'idojin zanen hanya da injiniyoyin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya suke bi, a wajabta wa ɗan kwangila faɗin layin keke, da dakalin da zai raba shi da motoci, da rufe magudanan ruwa, da tsarin tsallaka mararraba, inda haɗari ya fi yawa. Alal misali, a ƙasar Holan ƙa'idarsu ita ce, titin unguwa da gudun mota bai wuce kilomita 30 a sa'a ba, kowa ya bi tare. Inda ya zarce haka, a ware wa keke hanyarsa.

Malamanmu na fiƙihu sun tabbatar da cewa hanya haƙƙin jama'a ce baki ɗaya, kuma kawar da cuta daga gare ta sadaka ce. Don haka muna roƙon wakilanmu a majalisa, da injiniyoyin Jami'ar Ahmadu Bello, da masu unguwanni, su tsaya kai da fata kada a ƙara shimfiɗa titi a Zazzau ba tare da rabon mai keke ba. Allah Ya kiyaye hanya.