Mai Tallar Furanni da Malamin Lafazi

A cikin wasannin kwaikwayo na Ingila akwai wani mai suna Pygmalion, wanda George Bernard Shaw ya rubuta, aka nuna shi a birnin Landan cikin 1914. Labarin wata yarinya ce, Eliza, 'yar talakawa mai tallar furanni a bakin titi. Da ta buɗe baki an san asalinta, don Ingilishinta na unguwar talakawa ne. Sai wani malamin harshe, Farfesa Higgins, ya ci alwashi a gaban abokinsa Kanar Pickering, wai cikin wata shida zai gyara mata lafazi har manyan gari su ɗauke ta 'yar sarauta.

Ya kuwa cika alwashinsa. Amma duk da haka bai daina yi mata kallon mai talla ba. Da ta ga wulaƙancin ya ishe ta, sai ta fice ta bar shi. Nan Shaw ya tsai da wasan.

To, 'yan kallo ba su so haka ba, aure suke jira. Shaw ya ƙi. Cikin 1916 har ya ƙara bayani a ƙarshen littafin cewa wani saurayi ne mai suna Freddy ta aura, ba Higgins ba.

Da aka mai da wasan fim cikin 1938, Leslie Howard ya fito a Higgins, Wendy Hiller a Eliza. Shaw ya sami lambar Oscar saboda rubutun, amma masu fim suka sa yarinyar ta komo gidan malamin. Shaw ya rasu cikin 1950. Cikin 1956 aka sa wa labarin waƙoƙi a Amurka, aka kira shi My Fair Lady. Fim ɗinsa na 1964, na Audrey Hepburn da Rex Harrison, ya ci Oscar takwas. Nan ma komowa ta yi.

Jama'a, duk wanda ke zaman baƙunci, aka taɓa yi masa dariya don lafazinsa, zai gane abin da Shaw ya dage a kai. Koyon harshen manya yana buɗe ƙofa, amma mutunci sai an ba ka shi. Inda aka hana, tashi ya fi zama.