A Tona Ɓarna, A Rufa Asirin Mai Faɗa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana na Lakwaya da sauran ƙasar Gwarzo da Kabo a kan wani hali namu, watau mutum ya ga abin da zai halaka jama'a, ya kama bakinsa don kada a ce shi ne ya kai ƙara.

Ku tuna da abin da ya auku a Bagwai ran 30 ga Nuwamba, 2021. Jirgin ruwa ya taso daga Badau, ya kife a madatsar Watari, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Lodi aka yi wa jirgin fiye da kima, lodi kuwa ba a ɗaka ake yinsa ba, a bakin ruwa ne, gaban kowa. To, me ke rufe bakin mai gani? A garuruwanmu mai jirgi, da direba, da ɗan kwangila, kowannensu surukin wani ne ko maƙwabcin wani. Wanda ya faɗa, gobe ba a amsa gaisuwarsa a kasuwa.

Don haka ni a ganina a raba abu biyu. Abin da ke na jama'a, kamar gada, da kwalbati, da ajin makaranta da ya tsage, da turken lantarki da ya karkata, wannan ba shi da asiri. A faɗi wurin, a faɗi ranar da aka gani, a faɗi ofishin da gyaran ke wuyansa. Amma sunan wanda ya kawo labari ya tsaya wurin wanda ya karɓa.

Rijiyar cikin gida kuwa, ko katangar da damina ta ci, daban ce. Maigida sau da yawa ba ƙeta ce ta hana shi gyara ba, rashi ne. A fara da mai unguwa, in ya gaza a je ga dagaci. Ɗaukar hoton tsakar gidan mutum, da iyalinsa a ciki, a watsa a Facebook, bai taɓa ɗora murfi a kan rijiya ba. Balle masu ɗaukar hoton gawa tun uwar mamaci ba ta ji ba, waɗannan kam ban san sunan da zan ba su ba.

Doka ma haka ta raba. Dokar 'yancin samun bayanai ta Tarayya ta 2011 ta ba kowa ikon tambayar ofishin Gwamnati takardun aiki, a ba shi amsa cikin kwana 7, amma ta keɓe abin da ya shafi sirrin mutum.

Roƙona ga ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo shi ne su ajiye littafi wurin kowane dagaci, a riƙa rubuta ɓarnar da aka kawo da ranarta, ban da sunan mai kawowa. Kowane ƙarshen wata a karanta shi a bainar jama'a, a ji wanda aka gyara da wanda ke jira tun bara. Haza wasalam.

Naka,
Wani Mai Karatu, Lakwaya.