Yadda Babban Yatsa Ke Nuna Wa Likita Hanya a Ƙwaƙwalwa

Ɗalibai, kun san ana maganin ciwon damuwa mai tsanani da maganaɗisu? A 2008 Amurka ta amince da hakan ga waɗanda ƙwayoyi ba su yi wa aiki ba. Wuyar aikin ita ce gano inda za a ɗora na'urar a gaban kai ta hagu.

A tsohuwar dabara, likita kan riƙa matsa na'urar har babban yatsan dama ya motsa, sannan ya auna santimita 5 gaba. To amma ko mai ɗinkin hula ya san kawuna ba girmansu ɗaya ba, shi ya sa akan kuskure wurin. Yanzu wasu kan auna kan majinyaci da tef, wasu kuma su bi hoton MRI, sai dai akwai tsada.