Amfani da Taswirar Kwamfuta wajen Nazarin Magudanan Ruwa: Misali daga Kwarin Haɗejiya da Jama'are

1.0 Gabatarwa

A daminar shekarar 2022 ambaliya ta shafi mafi yawan jihohin Nijeriya, ta yi sanadin rasuwar mutane fiye da 600, ta kuma raba fiye da mutum miliyan ɗaya da muhallansu. Jihar Jigawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki, musamman garuruwan da ke bakin kogin Haɗejiya. Abin lura kuwa shi ne, a ƙarshen wannan kwarin, daga Gashuwa zuwa Tafkin Chadi, manoma da masunta sun daɗe suna kukan ƙarancin ruwa a kogi. Ke nan kwari ɗaya ne, amma wasu na fama da yawan ruwa, wasu na fama da rashinsa.

Wanda ya tsaya a bakin kogi yana ganin abin da ke gabansa ne kawai. Domin a gane inda ruwa ya fito, da inda ya tsaya, da wanda ya rasa shi, sai an dubi kwarin baki ɗaya. A wannan maƙala za mu bayyana yadda ake yin haka ta hanyar taswirar kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam, mu kawo misali, sa'annan mu nuna inda hanyar take da rauni.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Nazarin bayanan ƙasa, wanda aka fi sanin tsarinsa da haruffan GIS, hanya ce ta tattara bayanan da kowannensu ke ɗauke da adireshin wurinsa a doron ƙasa, a adana su a kwamfuta, a kuma yi lissafi da su. Ana ajiye kowane irin bayani a fallensa: fallen tudu da kwari, fallen koguna, fallen irin ƙasa, fallen gonaki da gidaje. Idan aka ɗora falle bisa falle, sai dangantakar da ke tsakaninsu ta fito, misali yawan gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa.

Kwarin kogi, a ma'anar da muke nufi a nan, shi ne dukkan faɗin ƙasar da ruwan samanta ke gangarawa ya taru a kogi ɗaya. Marabar ruwa kuwa ita ce ƙoƙuwar tudun da ta raba kwari biyu, inda ruwan da ya sauka a wannan gefe zai nufi wani kogi, na ɗaya gefen ya nufi wani. Magudanai su ne dukkan hanyoyin da ruwa ke bi, tun daga ƙorama da rafi har zuwa babban kogi.

3.0 Inda Ake Samun Bayanai

Tushe na farko shi ne hoton tauraron ɗan'adam. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, kuma jerin taurarin da suka biyo bayansa suna ci gaba da ɗaukar hoto har yau. Tun daga 1982 kowane ɗigo na hotonsu yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, wato ɗigo 11 ke cika kimanin kadada ɗaya. A 2008 aka buɗe taskar hotunan kyauta ga kowa. Tarayyar Turai ta ƙara da Sentinel-1 a 2014 da Sentinel-2 a 2015, wanda ɗigonsa ya sauko zuwa mita 10. Nijeriya ma ta harba NigeriaSat-1 a Satumbar 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agustan 2011.

Yadda ake gane ruwa a hoton kuwa, waɗannan taurari suna ganin wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ke bayan launin ja a jerin launukan bakan gizo. Ruwa yana shanye wannan haske, ɗanyen ganye kuwa yana mayar da shi da ƙarfi. Saboda haka tafki da kogi sukan fito baƙi ƙirin, shuke-shuke su fito da haske, sai kwamfuta ta ƙirga ɗigon ruwa ta ba da faɗinsa.

Tushe na biyu shi ne taswirar tudu da kwari, wadda ke ba da tsayin kowane ɗigo daga daidai da teku. Wadda aka fi amfani da ita ta samo asali ne daga aikin da kumbon Endeavour ya yi na kwana 11 a Fabrairun 2000, inda ya auna mafi yawan doron ƙasa da na'urar rada. Da farko ɗigon da aka fitar na Afirka mita 90 ne, a 2014 aka saki na mita 30.

Tushe na uku shi ne awon da ake yi a ƙasa: yawan ruwan sama, tsayin ruwa a kogi, da zurfin rijiyoyi. A Nijeriya hukumar NiMet ke kula da awon ruwan sama, hukumar NIHSA kuma da awon koguna, kuma ita ke fitar da hasashen ambaliya kowace shekara.

4.0 Matakan Fitar da Magudanai

Ƙa'idar aikin gaba ɗaya ita ce wadda kowane manomi ya sani, wato ruwa gangare yake bi. Matakan su ne kamar haka:

Na farko, gyaran taswirar. Akan sami ƙananan ramukan da kuskuren awo ya haifar, sai a cike su domin kada lissafin ya tsaya a cikinsu.

Na biyu, gano alƙiblar ruwa. Kowane ɗigo yana da maƙwabta takwas. Kwamfuta za ta duba wanda gangarensa ya fi tsanani daga cikinsu, ta ce can ruwan zai nufa.

Na uku, ƙirga taruwar ruwa. A nan ake lissafa yawan ɗigon da ke zubo ruwa cikin kowane ɗigo. Na kan tudu babu mai zuba masa, na tsakiyar kogi kuwa dubbai ne ke zuba masa. Idan aka zaɓi waɗanda adadinsu ya wuce wata iyaka, sai siffar magudanan ta fito kamar jijiyoyin ganye.

Na huɗu, shata kwarin. Mai nazari zai zaɓi wuri guda a kan kogi, misali gadar Wudil, kwamfuta ta bi magudanan baya-baya har zuwa marabar ruwa, ta zana dukkan ƙasar da ruwanta ke wucewa ta ƙarƙashin wannan gada.

Na biyar, awon siffar kwarin. Robert Horton a 1945 da Arthur Strahler a shekarun 1950 su suka shimfiɗa tsarin da ake bi. Ƙoramar da babu wata mai zuba mata tana mataki na ɗaya. Idan biyu masu mataki ɗaya suka haɗu sai a sami mataki na biyu, biyu masu mataki na biyu su ba da na uku, haka har zuwa babban kogi. Akwai kuma cunkoson magudanai, wanda ake samu idan aka raba jimillar tsawonsu da faɗin kwarin. A ce wani kwari mai murabba'in kilomita 100 yana da magudanai masu jimillar kilomita 200, cunkosonsa 2 ke nan. Babban adadi yakan nuna ƙasa mai tauri ko gangare, inda ruwa ke gudu da sauri ya haddasa ambaliyar farat ɗaya da zaizaya. Ƙaramin adadi yakan nuna jigawa, inda ruwa ke nitsewa cikin ƙasa.

5.0 Misalin Kwarin Haɗejiya da Jama'are

Kogin Kano da na Chalawa suna haɗuwa kudu da birnin Kano, su wuce Wudil, su zama kogin Haɗejiya. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa jihar Bauchi. Kogunan biyu suna bazuwa a fadamun Haɗejiya da Nguru, su haɗu kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe, wanda a ƙarshensa ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da jihar Diffa ta Nijar kafin ya faɗa Tafkin Chadi. Ruwan sama a saman kwarin ya haura milimita 1,000 a shekara, a ƙarshensa kuwa bai cika kaiwa 500 ba. Ma'ana, mutanen ƙasan kwarin suna rayuwa ne da ruwan da ya sauka a jihohin da ke nesa da su.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Chalawa kuma a 1992. Madatsun sun samar da ruwan sha ga birnin Kano da ruwan noman rani a yankin Kadawa da Kura, amma sun sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan cika ya batse da damina, ya ƙafe da rani. Bayan madatsun sai cikar damina ta ragu, aka kuma riƙa sakin ruwa har da rani. Wannan ya zo daidai da farin shekarun 1970 da 1980. Awon da aka yi daga sama ya nuna cewa filin da ruwa ke malalewa a fadamun, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, ya koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990.

Akwai kuma sakamakon da ba a yi tsammani ba. Ruwan da ke kwance rani da damina ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa. Ita da lakar da take tarewa suka toshe wasu rassan kogin, ciki har da tsohuwar hanyar Haɗejiya da Burum Gana, sai ruwa mai yawa ya karkata zuwa reshen Marma da ke zuba a tafkin Nguru. Gonaki da wuraren kiwo na wannan ɓangare suka nitse, yayin da ruwan Haɗejiya da ke isa Gashuwa ya ragu ƙwarai, har ya zama mafi yawan abin da kogin Yobe ke ɗauka daga Jama'are yake fitowa. Wannan ne ma ya sa aka daɗe ana muhawara a kan shirin gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are.

Idan aka jera hotunan shekaru daban-daban, duk na wata ɗaya, ana iya ganin reshen da ya toshe, da inda kacala ta mamaye, da garuruwan da ke cikin haɗari. Da wannan ne hukuma za ta san hanyar da ya kamata a fara yashewa, da lokacin da ya dace a saki ruwa daga madatsa.

6.0 Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Tauraro ba ya hango ruwan rijiya kai tsaye, alamunsa yake nunawa. A yankin Kano ƙasa tana kan tsohon dutse ne mai tauri, ruwa kuma yana taruwa a inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage. Gabas da nan, a mafi yawan Jigawa da Yobe da Barno, shimfiɗun yashi da yumɓu ne, ruwa yana cikin yashin. Mai nazari yakan haɗa fallen irin dutse, da na tsagu, da na gangare, da na cunkoson magudanai, da na ruwan sama, ya ba kowanne nauyi gwargwadon muhimmancinsa, ya fitar da taswirar da ke nuna inda aka fi sa ran samun ruwa. Amfaninta shi ne rage faɗin wurin bincike. Kafin a haƙa rijiyar burtsatse dole ne masana su je su auna wurin da na'urarsu.

7.0 Raunin Wannan Hanya

Da farko, awon tsayi daga sama yana da kuskuren 'yan mitoci. A ƙasa mai tsaunuka wannan ba wani abu ba ne, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Nguru, inda tudun yashi kaɗan ke juya kogi, kwamfuta na iya zana ƙorama a inda babu ita. Na biyu, gajimare yana rufe hoto a Agusta da Satumba, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, sai dai a koma ga tauraro mai rada irin Sentinel-1 wanda ke ratsa gajimare. Na uku, a cikin birni lambatu da kwalbati sun fi ɗigon hoto ƙanƙanta, kuma hoto ba ya nuna wadda shara ta toshe.

Na huɗu, ruwan da ke ƙarƙashin ciyawa yakan ɓuya. Tafkin Chadi ya isa misali. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya faɗo zuwa kimanin 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. An daɗe ana cewa yana gab da ƙafewa, amma binciken baya-bayan nan da ya lissafa har da ruwan da ciyayi suka rufe ya nuna cewa tun daga shekarun 1990 tafkin ya ɗan farfaɗo, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon damina.

Saboda waɗannan dalilai, duk taswirar da aka fitar sai an kai ta wurin an gwada. A nan sanin mazauna wuri yake da daraja. Sarkin ruwa ya san reshen da ya daina kawo ruwa da shekarar da hakan ta faru. Manomi ya san bambancin fadama da jigawa da fako, kuma waɗannan sunaye bayani ne a kan yadda kowace ƙasa ke riƙe ruwa.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa ruwa ba ya bin iyakar jiha ko ta ƙasa, marabarsa yake bi, kuma abin da aka yi a Tiga yakan bayyana a Nguru da Gashuwa. Malamin da ke son ɗalibansa su fahimci wannan ba sai ya jira kwamfuta ba. Yana iya tara yashi a farfajiyar makaranta, ya yi tudu da kwari, a zuba ruwa da buta, ɗalibai su nuna maraba da matakan ƙoramu, sa'annan a datse reshe ɗaya a ga abin da zai sami na ƙasa. Inda akwai kwamfuta, manhajar QGIS kyauta ce, haka ma hotunan Landsat da Sentinel. Bayan ruwan farko na damina, ɗalibai su zagaya unguwa su zana inda ruwa ya bi da inda ya kwanta, su tambayi dattawa inda kududdufai suke a da, su kwatanta da abin da hoton ya nuna.