Daga maƙeran Gaya zuwa gilashin wayarka: darasin jami'a da ke bayyana dalilin karyewar abubuwa

Duk mai riƙe da wayar salula ya san wannan takaicin. Wayar wani za ta faɗo daga kan babur ta tashi lafiya lau, ta wani kuwa daga kan tabarma za ta zame gilashinta ya tarwatse. Igiyar caja ma kullum a wuya take tsinkewa, daidai inda ta haɗu da kan da ake sokawa. Da yawa kan ce ai tsautsayi ne, amma akwai lissafi a ciki, kuma darasi guda ake koyarwa a kansa a jami'a. A takardar rajistar ɗaliban injiniya za ka ga an rubuta shi Strength of Materials, wato ilimin ƙarfin kayan aiki. Tambayarsa ɗaya ce: nawa ƙarfe ko gilashi ko kankare zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe ko ya karye?

Tsohuwar tambaya ce a ƙasar Gaya

Tarihin baka na Kano ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya zo Dutsen Dala neman tama, kuma Abagayawa, tsofaffin maƙeran birni, daga can suke danganta asalinsu. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Maƙerin da ke ƙera fartanya ya san idan ya tsoma jan ƙarfen da ya fito daga wuta cikin ruwa bakinsa zai yi tauri, ya kuma san idan taurin ya wuce kima bakin zai ɓalle da zarar ya daki dutse. Abin da ya sani da ido da hannu, shi jami'a ke mayarwa lambobi, domin a san amsar tun kafin a ƙera.

Abubuwa biyu da komai ya dogara a kansu

Na farko shi ne matsi: nauyin da aka ɗora wa abu a raba shi da faɗin wurin da ke ɗauke da shi. Na biyu shi ne miƙewa: yadda abin ya ƙaru ko ya ragu idan aka kwatanta da tsawonsa na asali. A shekarar 1678 Robert Hooke na Ingila ya wallafa ƙa'idar cewa idan aka ninka nauyi, miƙewar ma za ta ninka, muddin ba a wuce wata iyaka ba. Ƙasa da iyakar, abu na komawa yadda yake. Idan aka wuce ta, ya lanƙwashe ke nan.

Kowane abu da nasa taurin. Ƙarfen rodi yana da kimanin gigafaskal 200, alminiyom kuwa kimanin 70. Siffa ma tana da tasiri sosai: idan ka ninka kaurin faranti sau 2, wahalar lanƙwasa shi na ninkuwa sau 8. Gwada da rula: a kwance tana lanƙwasuwa cikin sauƙi, a tsaye kan gefenta kuwa sai ta gagare ka.

Wannan lissafin ne ya kama kamfanin Apple a 2014, lokacin da masu iPhone 6 Plus suka riƙa korafin wayar na lanƙwashewa a aljihu. Doguwa ce, siririya, kuma an huda jikinta wurin maɓallan ƙara murya. A 2015 kamfanin ya koma wani nau'in alminiyom mafi ƙarfi a iPhone 6s.

Me ya sa gilashi ke fashewa?

Gilashi yana jure dannawa, ja ne ba ya so. Wajen 1920 injiniya A. A. Griffith ya nuna cewa 'yan ƙananan tsagewa da ido ba ya gani su ne ke raunana shi, domin matsi na taruwa a bakin tsagar. Shi ya sa kamfanin Corning ke tsoma Gorilla Glass cikin narkakken gishiri mai zafin kusan digiri 400. A nan ƙwayoyin fotasiyom, waɗanda suka fi girma, ke maye gurbin na sodiyom, sai fuskar gilashin ta matse ta danne bakin tsagewar.

Abin lura ga mazauna yankinmu shi ne yashi ya fi gilashin waya tauri. Ƙurar hunturu da ke taruwa a aljihu tana karce fuskar waya a hankali, ranar da ta faɗi sai tsagar ta samu mafari. Wayar da ta fashe daga kan tabarma tana iya kasancewa ta daɗe da rauninta.

Ita kuwa igiyar caja, gajiya ce ke kashe ta. Ƙarfe na karyewa idan aka yi ta lanƙwasa shi ana miƙarwa, ko da ƙarfin da ake sa masa bai taka kara ya karya ba. Siraran wayoyin da ke cikin igiyar suna shan lanƙwasa a wuri guda sau dubbai, suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan gajiyar ce ta tarwatsa jiragen sama biyu ƙirar Comet na Birtaniya a 1954. Don haka ka riƙa cire caja ta kanta, kada ka fizgi igiyar.

Inda lamarin ya wuce batun waya

A watan Agustan 2022 wani bene da ake ginawa ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano. Duk lokacin da gini ya faɗi, tambayoyin da masu bincike ke yi daga wannan darasin suke fitowa. Kankare na jure dannawa, amma wajen ja ƙarfinsa bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na wancan ba, shi ya sa ake sa masa rodi.

Ga misali. Rodi mai kaurin milimita 12 yana da faɗin baki na kusan murabba'in milimita 113. Idan mai daraja 460 ne, zai ɗauki sama da tan 5 kafin ya saki. Idan aka musanya shi da mai milimita 10, abin da zai ɗauka bai wuce tan 3.7 ba. Milimita 2 kacal aka rage, amma kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin ya tafi. Gadar Wudil da matafiya daga Gaya ke haurawa zuwa Kano, da tankin ruwan da ke saman ƙarafa a unguwarku, duk a kan irin wannan lissafi suke tsaye.

A ina ake koyonsa?

Ɗan Gaya ko Ajingi ba sai ya yi nisa ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda aka kafa a 2000 aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022, tana da tsangayar injiniya. Akwai kuma Jami'ar Bayero a Kano, sai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya mai sashe na musamman kan ƙarafa da kayan aiki. Karatun shekara 5 ne, kuma a JAMB ana rubuta Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Galibi a aji biyu ake haɗuwa da wannan darasi.

Ɗalibai na tsoronsa, kuma da dalili: hadda ba ta aiki a nan. Wanda ya haddace ƙa'idoji bai iya zana hoton nauyin da ke kan ƙarfe ba, tambayar farko ce za ta kayar da shi. Wurin da aka fi zubar da maki shi ne ma'auni, a cakuɗa milimita da mita, amsa ta kauce sau dubu ko miliyan. Maganin shi ne warware tambayoyi da biro kullum, da halartar ɗakin gwaji inda injin ke jan ƙarfe har ya tsinke a gaban idonka.

Wayarka ma za ta taimaka. Jami'ar MIT ta Amurka ta zuba darussanta kyauta a intanet, kuma YouTube cike yake da bidiyon gwajin ja da lanƙwasa. Idan har yanzu kana sakandare, ka fara ƙarfafa lissafinka da fiziks tun yanzu, musamman babin ƙarfi da daidaito, domin a kansa aka gina darasin gaba ɗaya.